Fitilar da Ta Fara Daga Hagu

Wani siririn hayaƙi mai ƙaurin roba ya tashi daga 'yar lasifikar, waƙar kuma ta tsaya cak a tsakiya. Sasson ya fizge batir, ya ajiye ƙarfen narka dalma a kan faranti, ya zauna yana kallon ɓarnar da ya yi da hannunsa. Ƙarfe goma na safe ya gota, kuma yau da faɗuwar rana Hanuka, idin fitilu na Yahudawa, take shiga.

"Shekara talatin da takwas kana gyaran wuta a tashar jiragen ruwan Haifa," ya ce da kansa da ƙarfi, tun da ba kowa a gidan, "yau ka ƙone lasifikar da ba ta kai murfin kwalba ba. Sannu da ƙoƙari."

Ba wanda ya aike shi. Jiya komai lafiya lau yake. Da safen nan ne ya tuna kunnen matarsa Na'ima ya yi nauyi, ya ce bari ya ɗan ƙara wa sautin ƙarfi, ɗan kaɗan kawai. To ga ɗan kaɗan ɗin nan yana hayaƙi.

Abin da ke kan teburin cin abinci, teburin da rabon a ci abinci a kansa wata biyu ke nan, hanukiya ce, wato mazaunin fitilun idin, amma ba irin ta tagulla da ake jera wa kyandir ba. Katakon zaitun ya samo ya kankare, ya jera masa ƙananan ƙwayayen fitila takwas, na tara ya ɗan ɗara su tsawo a tsakiya. A baya ya maƙala wata 'yar kwamfuta da ba ta fi kwalin ashana ba. Ita ya koya wa ta kunna fitilu daidai da daren da ake ciki, ta sa hasken ya riƙa rawa kamar harshen wuta, sannan ta rera waƙa. Yana da shekara saba'in da huɗu ya zauna ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, da yatsa ɗaya, tabarau biyu a hanci, yana zagin samarin bidiyo masu magana kamar ana bin su da gudu.

A gidan kula da tsofaffin da Na'ima take, can saman dutsen Karmel, ko ashana ba a kyastawa, saboda tukwanen iskar numfashi da ke kusan kowane ɗaki. Bara sun kafa wata ƙatuwar hanukiyar roba a falo, aka turo tsofaffi a kujeru, aka yi musu tafi aka raba alewa. Na'ima ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Amma ba don fitila yake wannan wahala ba, shi ma ya sani. Tun Idin Ƙetarewa, watanni ke nan, Na'ima ba ta sake kiran sunansa ba. Kullum yana zuwa, bas biyu tafiya, biyu dawowa, sai ta dube shi cikin ladabi ta ce, "Sannu, bawan Allah." Ladabin nan shi yake cin ransa. Mace ce da ta shekara arba'in da tara tana yi masa faɗa a kan gishiri, a kan jarida, a kan yadda yake rufe ƙofa, yau ga ta tana yi masa godiya idan ya miƙa mata ruwa. Sau ɗaya rak yake so ya ƙara jin "Sasson" a bakinta. Begenta yake yi kullum, alhali tana zaune a gabansa.

Duk dabararsa a kan waƙar ta rataya. Ta mahaifinta ce, da ita ya taho daga Bagadaza, kuma ba a majami'a ake yin ta ba, ba a rediyo ba, sai a gidansu kaɗai. Kowace Hanuka Na'ima takan rera ta a kicin tana suya, ta ba kowa baya. Ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukarta a kaset, don wa yake ɗaukar abin da yake ji kowace shekara? Shi kuwa Sasson, duk unguwar Hadar an san idan ya buɗe baki da sunan waƙa har kuliyoyi barin layin suke yi. Haka nan ya zauna mako biyar yana gunguni, yana laluben sauti ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa arba'in da ɗaya.

Ya naɗe hanukiyar da tsohon tawul, ya cusa ta a kwalin takalmi, ya rataya jakarsa, ya ɗauki lema. A waje ruwan hunturu yake zuba, irin mai shigowa ta gefe. Yana gangara matakalar layinsu wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce Tirza, daga Biyasheba.

"Abba, kana ina? Ina jin ƙarar ruwa."

"Shagon Grisha zan je. Lasifika ta ƙone."

"Wace lasifika kuma? Abba, ka ci abinci?"

"Na sha shayi."

"Shayi ba abinci ba ne. Saurare ni, ni ba hana ka nake yi ba. Amma ka tuna ranar hotuna? Ka kwashi hotunan bikinku kaf ka kai mata, ta ce amaryar nan kyakkyawa ce, 'yar gidan wane ne. Kwana uku ba ka ɗaga waya ba. Har sai da na kira maƙwabta."

"Hoto daban, waƙa daban. Wani likita ya faɗa a rediyo, waƙa ce take fita ƙarshe daga ƙwaƙwalwa."

"Wane likita?"

"Likita dai."

Yana jin hayaniyar ofishinsu a bayanta. "To. Ranar Alhamis zan taho da yara. Idan Imma ba ta ce komai ba, ka kira ni. Kada ka koma gida ka zauna a duhu."

"Ni mai gyaran wuta, a ina zan ga duhu?"

Ta yi dariya, amma ya ji hancinta ya toshe.

Shagon Grisha wani ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da kifi, cike da ƙananan aljihunan roba tun daga ƙasa har rufi. Grisha mutumin Odesa ne. Shekara talatin da suka wuce ya sauka ƙasar da goge a hannu yana neman inda zai yi kiɗa, ya ƙare yana auna waya da mita.

"A'a, injiniyan Bagadaza! Yau kuma me ka ƙona?"

"Wa ya ce maka na ƙona wani abu?"

"Tun daga bakin ƙofa na jiwo ƙaurinka. Kawo in gani." Ya ɗaga matacciyar lasifikar da yatsa biyu, ya shinshina, ya girgiza kai. "Wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce, kashe ta aka yi. Ka ba ta wutar da ta fi ƙarfinta."

"Wa'azi na zo ji ko lasifika na zo nema?"

Grisha ya jawo aljihu uku kafin ya samo wata, 'yar babba kaɗan, ya ture tarkacen kan kanta, ya miƙa masa ƙarfen dalmarsa. Hannun Sasson yakan yi rawa idan ya ɗauki kofin shayi, amma da ya riƙe ƙarfen nan sai rawar ta tsaya. Ɗigo biyu ya yi, ya hura, ya mayar da batir. Ya danne maɓallin ya riƙe, yadda ya tsara don gwaji, fitilu tara suka kama gaba ɗaya, waƙar ta fito siririya amma tas.

Grisha ya rufe ido ya karkata kai. Da ta ƙare ya ce, "Sake."

Aka sake.

"Nan, wajen ƙarshe, kafin ta sauka. Akwai wani sauti da ya faɗa tsakanin biyu, ba wannan ba, ba wancan ba. Ko dai kunnenka ne ya karkace, wanda kowa ya sani, ko kuwa haka abin yake. Ku mutanen Iraƙi kuna da sauti a inda mu ba mu da komai."

"To wanne ne a ciki?"

"Ni ina zan sani? Tambayi mai waƙar mana."

Maganar tana fita Grisha ya so ya mayar da ita. Ya sunkuya ya hau neman wani abu a ƙarƙashin kanta wanda bai ɓata ba. Sasson bai ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Mahaifin Na'ima ya rasu, 'yan'uwanta biyu sun rasu, Tirza kuwa kunnen ubanta ta gado. A duk duniya mutum ɗaya ce ta rage da za ta ce masa sautin nan daidai ne ko kuskure, ita kuma tana saman dutse tana kiransa bawan Allah.

"Malaminku na majami'a ya san da batir za ka yi Hanuka?" Grisha ya tambaya daga ƙasan kanta, don dai ya sauya zance.

"Na tambaye shi. Ya ce lantarki ba kyandir ba ne, ba a yi masa addu'a."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce na ji. Idan na koma gida zan kunna kyandir in yi addu'ata. Wannan ta Na'ima ce."

Grisha ya miƙe, ya naɗe masa tawul ɗin da kansa. "Ka gaishe ta. Ka ce Barashen nan da ta ce miyarsa kamar ruwan wanki yana gaisuwa."

A bakin titi ya tsaya ya sayi sufganiya, fanken Hanuka, guda biyu masu zafi, jam yana leƙowa ta samansu, ya ci rabin ɗaya a tsaye don ya samu abin gaya wa Tirza. Wajen ƙarfe uku da rabi ya shiga bas ta biyu, mai hawa dutse. Ya ajiye kwalin a kan kujera, sannan ya tuna bai taɓa katinsa a na'ura ba, ya kutsa gaba cikin jiƙaƙƙun riguna. Bai kai ga dawowa ba ya ji ihu a bayansa.

"Direba! Tsaya! Kwalin wane ne wannan? Ga waya ta fito!"

A garin nan ba a wasa da kaya marasa mai su, saboda tsoron bam. Direba ya taka birki, ƙofofi suka buɗe, rabin motar ta miƙe tsaye. Wata mata mai jakar kasuwa ce take nuna kwalin da lema, ta manne da taga. Murfin ya ɗan ɗaga, jar waya da gindin batir suna leƙe.

"Nawa ne! Nawa ne, jama'a, ku yi haƙuri!"

Wata yarinya soja, bindiga a kafaɗa, da kyar ta kai shekara ashirin, ta tare shi da hannu. "Kaka, buɗe a hankali mu gani."

Ya buɗe a hankali, ya yaye tawul, ya ɗaga katakon sama, ya danne maɓalli. Fitilu tara suka kama suna rawa, waƙar surukinsa ta Bagadaza ta tashi a cikin motar da ta yi tsit. Wani ya fashe da dariya daga baya, sai motar gaba ɗaya ta ɗauka. Direba ya ce wanda zai yi biki ya bari a kai tasha tukuna, ya rufe ƙofa.

Matar mai lema ta zauna daɓas tana dafe da ƙirji. "Saboda hanukiya ka kusa tsayar mini da zuciya? Tsoho, Allah ya ba ka lafiya, amma kai ba ka da mata ne? Ba ta ce maka kada ka shiga bas da wayoyi a kwali ba?"

"Da ta sani da ta faɗa," ya ce. "Da ta faɗa har ta ƙara."

Matar ta dube shi, ta dubi ledar sufganiya, ta dubi hanyar da motar ta nufa. Ta janye jakarta ta ba shi wuri.

Lubna ce take aiki a hawa na biyu, ma'aikaciyar jinya 'yar Nazarat, mai saurin tafiya da saurin baki. Ita take yi wa Na'ima wanka tun ranar da aka kawo ta.

"Baba Sasson, yau ka makara. Wannan ce na'urar da muka sha labari? Ba ta da wuta, ko? Ka san shugabarmu."

"Ko sauro ba za ta ƙona ba. Yaya take yau?"

"Ta ci rabin abincinta. Ba ta yi magana sosai ba." Lubna ta ɗan rage murya. "Kada ka sa rai da yawa, Baba."

"Ke da Tirza makaranta ɗaya kuka yi?"

Na'ima tana bakin taga a kujerarta mai taya, an rufa mata bargo a ƙafa. An taje mata gashi an raba shi a tsakiya, yadda ta tsana tun tana budurwa. Ta rame, amma wuyan nan nata yana nan a miƙe. Ta juyo ta dube shi da idanun da ya fi sani a duniya, babu komai a cikinsu sai kirki.

"Sannu, bawan Allah."

"Sannu, Na'ima. Na kawo miki sufganiya."

"Ka yi ɗawainiya. Allah ya saka." Ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a cinya, ba ta ci ba.

Ya share dakalin taga, ya kafa hanukiyar tana fuskantarta. Ruwan ya tsagaita. Can ƙasa gari ya fara kunna fitilunsa, rana kuma tana nutsewa a teku ta bayan gajimare, biyar saura kwata. Ya roƙi Lubna ta kashe fitilar ɗakin. Ya laluba maɓallin ya danna sau ɗaya, daren farko, sannan ya durƙusa a gefen kujerar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ko kallon hanukiyar bai yi ba. Fuskar matarsa ya zo kallo.

Waƙar ta fara. Yana ƙirga sautukan a zuci. Goma suka wuce, ashirin suka wuce, fuskar tana nan yadda take. Da aka zo wajen sautin nan na tsakanin biyu ya riƙe numfashi, yana jira ko gira ta motsa, ko leɓe. Sautin ya zo ya wuce. Na arba'in da ɗaya ya sauka, ɗakin ya yi shiru.

Na'ima ta juya wajen Lubna. "Wayar wani tana ta kuka," ta ce. "A ɗauka mana."

Ba mako biyar ɗin ne suka dame shi ba, lokaci kam yana da shi har ya yi masa yawa. Abin da ya karya masa zuciya shi ne wannan ce dabararsa ta ƙarshe, bayanta ba shi da wata. Ya ji kuka yana taso masa, ya ji kunyar yin sa a gaban 'yar mutane. Ya dafa hannun kujera ya miƙe da kyar, ya kai hannu zai cire batir.

"Tsaya."

Ya tsaya. Wannan ba muryar ladabi ba ce.

"Wa ya kunna wannan?"

"Ni ne."

"A hagu?" Ta ɗaga yatsa tana nuna taga. "Daren farko, ka fara daga hagu? Kai a wane gida ka tashi? Ɗan shekara uku ya san na farko a ƙarshen dama ake sa shi!"

Sai a lokacin ya juya ya duba. Ta tsakiya tana ci, sannan ƙwai ɗaya tilo yana rawa a can ƙarshen hagu. Nan take ya gane abin da ya faru. Wata biyu yana aikin nan bayan katakon ne yake fuskantarsa, wajen wayoyi. Daga can ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku, daga damarsa, kamar kowane Bayahude mai hankali, ya manta damar mai liƙi ita ce hagun mai kallo. Duk gwajin da ya yi daga gaba kuwa tara yake kunnawa a tare. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ai da sauƙi," in ji Lubna. "A juya ta mana, sai hagu ya koma dama."

"Ki juya ta mu zauna muna kallon hanjinta?" Na'ima ta yi tsaki. "Yarinya, bar abin da ba ki sani ba. Ku ƙyale shi haka nan, kada ku ƙara ɓata shi. Mijina zai zo ya gyara."

Sasson ya koma ya zauna a bakin gado.

"Mijinki mai gyara ne?"

"Wa, Sasson?"

Ga shi nan. Yadda take faɗarsa tun suna yara, tana jan ƙarshen kamar za ta ɗora faɗa a kai. Ba shi take kallo ba, fitilar take harara, amma sunan ya fito, kuma ya ji shi da kunnensa.

"Sasson ne ya ja wutar gidanmu gaba ɗaya, hawa huɗu, ba a taɓa kiran wani ba. Idan jirgi ya lalace a tasha shi ake nema, ko da akwai injiniyoyi goma masu takarda. Wannan abin," ta nuna da haɓa, "da ƙafa zai yi shi ya fi haka kyau. Ba don in ci maka fuska ba, bawan Allah. Kowa da iyawarsa."

"Gaskiya ne. Yana ina yanzu?"

"Yana tasha, jirgi ya shigo. Kullum haka yake. Sai an gama jera kyandir zai faɗo gida a guje yana warin baƙin mai, ya taka mini kafet da takalmi."

"Sai ki yi masa faɗa."

"Kullum. Ranar da ban yi ba sai ya taɓa mini goshi ya ce ko ba ni da lafiya." Ta yi dariya, dariyarta ta da, gajera, ta hanci. Lubna ta jingina da ƙofa ta rufe baki da hannu. Rabon da Na'ima ta jera magana uku a ɗakin nan an yi watanni.

"Bai iya waƙa ba, ka sani," Na'ima ta ci gaba, ta sunkuyo wajensa kamar mai gulma. "Ko kaɗan. Amma idan ina suya ina waƙa, sai ya laɓe a bayan ƙofar kicin yana saurare. Shi a tunaninsa ban sani ba. Ga inuwarsa nan ƙatuwa a bango! Don shi nake maimaitawa har sau uku. Mai yana ƙonewa, ni ina ta waƙa."

Bai taɓa sani ba. Shekara arba'in da tara duk tsammaninsa haka waƙar take, sau uku ake yin ta. Hawaye suka zubo masa, bai kuma damu da Lubna ba. Daɗi yake ji da ciwo a lokaci guda, har ya rasa wanda ya fi.

"Kada ka gaya masa," ta ce, ta ɗaga masa yatsa. "Kansa zai kumbura."

"Ba zan gaya masa ba."

"Mura kake yi? Ka sha shayi da lemon tsami."

Ta ɗauki sufganiyar ta gatsa, jam ya ɗiga mata a haɓa. Ta cinye ta tas tana hararar fitilar, lokaci-lokaci ta yi tsaki ta ce, "A hagu, don Allah." Ya so ya ƙara tambayarta, ya so ta yi ta magana har gobe, amma ya ga abin ya fara janyewa. Hannunta ya koma kan bargo, kafaɗunta suka sauka, idon ya bar fitilar ya tafi teku. Da ya kai hankici zai goge mata haɓa, ta dube shi cikin kirki.

"Sannu, bawan Allah. Ka yi ɗawainiya."

Lubna ta kunna 'yar fitilar gefen gado, ta zo kusa da shi tana magana ƙasa-ƙasa. "Baba Sasson, ban taɓa jin ta haka ba. Gyaran yana da wuya? Sai ka tafi da ita gida?"

"Layi ɗaya ne. Minti biyu."

Ya zuge jakarsa ya ciro tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗora a cinya, ya ɗauko igiyar haɗawa. Ya sauya tabarau ya nemo layin. Ga lambobin nan a jere, ɗaya zuwa takwas, juya su kawai zai yi. Mutum ne da bai taɓa barin aiki a karkace ya tafi gida ba, ko na maƙwabci ne, ko ba wanda zai gani. Yatsansa yana kan madannin.

Ya ɗaga kai ya dubi Na'ima. Idan ya gyara, gobe fitilu za su kama a inda ya kamata, babu abin faɗa, babu dalilin jiran mai gyara. Ya san kuma ba wanda ya yi masa alkawarin komai. Mai yiwuwa gobe ta dubi kuskuren nan ta wuce shi yadda ta wuce waƙar. Amma Hanuka kwana takwas ce, yau ɗaya kawai aka ci.

Ya rufe kwamfutar, ya naɗe igiyar a hannu.

"Har ka gama?" in ji Lubna.

"Ban taɓa ba."

"To gobe fa?"

"Gobe biyu za su kama," ya ce, yana zuge jakar. "Duka a hagu."